Ranar da Na Wanke Turkudin Kaka

Ni dai tun ina yarinya babban aibina iyayi ne. Duk abin da na gani a hannun mutum, sai in ga na fi shi sanin yadda za a yi da shi. Kakata, wadda ta haifi Babana, ta fi kowa sanin wannan hali nawa, shi ya sa ba ta kirana komai sai Uwar Iyayi. Ni kuma in ina son tsokanarta sai in ce mata Sitti, yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Larabawa suke kiran kakanninsu. Nan take za ta ɗaga carbi ta ce, "Sittin gidanku! Kaka nake. In bakinki ba zai iya ba, yi shiru."

A unguwar Ammariyya muke zaune lokacin, gida mai ɗaki uku, sai saman rufi inda muke shanya. Baba tela ne, fararen jallabiyoyi yake ɗinka wa maza, waɗanda a nan Jidda muke kira tob. Kullum ya dawo daga shago da mita. Wai bara kowa wuya zagaye yake so, bana an ce sai kwala mai tsini da maɓallin hannu irin na kwat. Dattawan gari masu rawaya-rawayan rawani da 'yar shara a kan tob suna ta raguwa, 'ya'yansu duk sun koma gutra da igal, wato ƙyallen kan nan na Larabawa da baƙar igiyar da ake danne shi da ita. Mu mata kuwa abin ya fi haka. Umma ta tashi cikin karta da wando da ɗaurin kai irin na matan Hijaz, mu kuma muka waye gari ba ma ganin kowa da gashi sai matan mujallun Masar. Fustan muke so, doguwar rigar nan ta yayi mai matse ƙugu, a tara gashi a tsakar ka kamar suri, a jefa abaya a sama a fita ana taƙama.

Kaka sai ta zauna a kan tabarmarta tana kallonmu tana dariya.

"Kun ɗauka ku kuka fara yayi?" in ji ta. "Uwata ta ba ni labari, zamanin tata uwar mace ta yi ɗaurin ƙirji da saƙi ta tafi kasuwa, ba mai kallonta sau biyu. Sai malamai suka tashi aka ce a rufe jiki, mayafi ya shigo. Maza kuwa ai kun san su, ba su iya abu kaɗan ba. Riga ta yi ta faɗi har sai mutum ya naɗe hannunta a kafaɗa kafin ya ci tuwo. Aikin ƙirji da aska biyu ne, aka ce bai isa ba, sai aska takwas. Ga wando buje da za ki juye buhun gero a ciki ki ɗaure. Fatake suka kawo jan alharini daga arewa, kowace mace ta rantse ba ta zuwa biki sai da barage. Da akoko ya zo daga bakin ruwa, tsofaffi suka ce wannan ai likkafani ne. Damina biyu ba a yi ba, su ma ga su a ciki."

Ta faɗa mana wannan ya fi sau ɗari, kuma kullum a wuri ɗaya take tsayawa. Sai ta nuna akwatin ƙarfenta da haɓa ta ce, "Amma duk yayin da aka yi, ba a yi kamar turkudi ba."

Turkudin nan mayafi ne na mahaifiyarta, rinin Kura, tun kafin Turawa su shiga ƙasar Hausa. Siraran ƙyallaye ne aka haɗa, kowanne bai fi faɗin yatsa biyu ba. An rina shi da baba har ya yi baƙi, sannan aka zuba masa shuni aka buge shi da guduma har ya ɗauki ƙyalli. In aka buɗe shi a rana sai ki ga yana walƙiya kamar wuyan tantabara. Da shi mahaifiyar Kaka ta taso daga gida a ƙafa, tana jan Kaka tana 'yar mitsitsiya, suka ratsa Sudan shekara da shekaru har suka ƙetaro teku. Uwar ta yi aikin hajji, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Abin da ta bari ke nan.

Aibinsa ɗaya a wurinmu 'yan Jidda: zuba yake yi. Duk abin da ya taɓa sai ya bar masa shuɗi. Sau uku Kaka ta taɓa yafa shi, ranar aurenta, ranar sunan Baba, da ranar da aka kawo Umma. Umma ba ta manta da na ukun ba. Ta ce matasan kai huɗu na aro Kaka ta ɓata a ranar, kuma da ta rungume ta, kwana biyu tana yawo da shuɗin kunci kamar wadda aka mara.

Sai ga aurena ya taso, kuma Kaka ta yi shela cewa na huɗu ya zo.

Ni kuwa ina da farar riga. Kai, rigar nan! Mijin da zan aura ni na zaɓi abina, amma wallahi a makonnin nan na fi tunanin rigar a kansa. Daga mujalla na yago hoton, na tasa Baba a gaba, shi da bai taɓa ɗinkin mata ba. Ya yi rantsuwa ba zai yi ba, ya yi fushi, ya ce shi telan maza ne, sannan ya zauna ya ɗinka ta da hannunsa, har da 'yan duwatsu a wuya. Kullum sai na buɗe ta na duba. Kuma duk sanda na duba sai in tuna da turkudi da zubar da yake yi.

Saura kwana goma biki, Kaka ta fito da shi daga akwati ta shimfiɗa a kan gado don ya sha iska, suka tafi dubiya ita da Umma. Na shiga ɗakin na tsaya a kansa. Na shafa, yatsuna suka yi shuɗi. Na sunsuna, warin akwati da wani abu kamar kitse. Sai iyayin ya motsa. Na ce a raina, ai datti ne wannan, shekara nawa ba a wanke ba? In na wanke mata da sabulun gari zai yi fes, ya daina zuba, ta ji daɗi. Haka na gaya wa kaina, don Kaka zan yi. Ƙarya nake, don rigata na yi.

Na hau sama da daro da garwar ruwa. Ina tsoma shi ruwan ya koma kamar tawada. Na zubar na sake. Tawada. Na sake. Maimakon in tsorata, sai na ce, "Kun gani ko? Dubi dattin da tsohuwar nan take yafawa!" Na ƙara sabulu na dirje shi da ƙarfina, har na ƙarar da ruwan da mai ruwa ya kawo mana na yini guda. Na matse, na shanya, na tsaya ina jiran a yaba mini.

Rana ta Jidda ba ta wasa da shanya. Kafin azahar ya bushe, kuma abin da na gani a kan igiya ba turkudi ba ne. Wani tsumma ne mai dishi-dishi, ya yamutse, ba ƙyalli ko na anini. Na dubi hannuwana, shuɗi har gwiwar hannu. Amarya guda, saura mako a sa mata lalle.

Umma ce ta fara hawowa. Ta dubi igiya, ta dube ni, ta dafe kai.

"Ya sater! Ke wace irin yarinya ce? Wa ya aike ki?"

Tana cikin faɗa sai ga Kaka tana hawowa a hankali, tana dafa bango. Na shirya wa zagi. Kaka ta iya zagi, tana iya farawa daga kanki ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya har ta dawo kanta. Amma ba ta zage ni ba. Ta sauke mayafin daga igiya, ta goga shi a tafin hannunta, ta duba. Ta sake gogawa da ƙarfi, ta kai hannun kusa da idonta. Babu komai.

"Na manta fuskar uwata," ta ce. Ba da ni take ba, ba kuma da Umma ba. "Tun tuni na manta. Hannunta kawai nake tunawa, shuɗi, yana riƙe da nawa a hanya. In na goga wannan a hannuna sai in ga nata."

Ta ninke shi ta miƙa wa Umma.

"A yi biki lafiya. Ni ba inda za ni. Da me zan je?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a ranar har kaina ya yi ciwo. Kuma kowa a gidanmu ya san Kaka, in ta ce ba ta zuwa, ko da igiya aka ja ta ba za ta je ba. Ita ta goye ni, ita ta yaye ni, a ɗakinta nake kwana. A ce za a kai ni ɗakin miji tana zaune a kan tabarma tana jan carbi? Na ce wa Umma in haka ne a fasa. Umma ta ce in na ƙara faɗin haka za ta cika mini baki da sauran sabulun.

Da Baba ya dawo aka gaya masa, ya ɗaga mayafin ya juya shi, ya dubi hannuwana, na ga yana danne dariya da ƙyar.

"Gyaran gangar Auzinawa," ya ce. "Ya binti, wanki kika yi ko fashi?"

"Baba, don Allah."

Ya shafa gemu. Can ya ce akwai wani tsoho a Mahjar, Bahaushen Sudan, mai guga da dutsen gawayi, wanda a nan ake ce wa makwaji. Wani lokaci yakan kai masa tob-tob in aiki ya yi yawa. Ya ce duk sanda ya je sai tsohon ya yi masa ƙorafi, wai shi da ya gaji bugu daga ubansa da kakansa, ga shi ya ƙare a gugar fararen riguna da ba su da ko ɗigon aiki a ƙirji.

Washegari da sassafe muka kama hanya, ni da Baba, mayafin a ƙunshe cikin zane. Mahjar a lokacin bayan gari ce sosai. Muka sami tsohon a wani ɗan shago na kwano, yana hura gawayi. Baƙi ne siriri, ba haƙori a gaba, ga hula haɓar kada da ban taɓa ganin irinta a kan kowa ba. Baba ya gaishe shi da Hausa, ya kwance ƙunshin.

Tsohon ya ajiye mafici. Ya goge hannu a jikin rigarsa kafin ya taɓa. Ya bi ɗinkin ƙyallayen da farce, ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ɗan Kura ne na gaske," ya ce. "Wane mara tsoron Allah ne ya sa masa ruwa?"

Na ɓoye hannuwana a cikin abaya, amma ya riga ya gani. Ya yi dariya har da tari.

"Amarya ce, Baba," in ji Babana. "Saura kwana tara."

"To ai ta riga ta sa lallenta." Ya share hawayen dariya ya dube ni. "'Yata, ba a wanke turkudi. Abin da kika zubar a magudana shi ake saye. Zanen banza ne, shunin ne dukiyar. A da mutum in ya naɗa ɗan Kura, da gangan yake barin goshinsa ya yi shuɗi don a san ba aro ya yi ba."

"Zai gyaru, Baba?" na tambayi tsohon.

Ya ce rinin yana nan, bai fita ba, ƙyallin ne ya tafi. Yana da ɗan curin shuni a gwangwani, wani alhaji ya kawo masa tsaraba shekarun baya, ya rasa abin da zai yi da shi. Amma ba shi da gungume, ba shi da guduma, rabonsa da bugu tun yana saurayi. Sannan zanen ya tsufa. In ya sha duka yana iya yagewa, in ya yage kuwa shi ke nan, ba mai iya mayar da shi.

Baba ya dube ni. Na ce a buga.

Gungume dai Baba ya samo, guntun katakon jirgin ruwa, wani kafinta ya goge shi sumul. Guduma ce ta gagara. Tsohon ya ce sai itace mai nauyi irin na gida. Duk Jidda itacen gida mai nauyi da muka sani guda ɗaya ne, taɓaryar Umma, wadda ta saya a hannun wata alhajiya, take ji da ita kamar ɗa. Na je na durƙusa. Ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta bayarwa. Ta ce ni da na ɗebo da zafi, bakina. Ta yi ta faɗa tana shiga tana fita, sannan ta ɗauko ta ta jefo mini a gaba ta ce, "Yalla, ɗauki, kafin in sake shawara." Aka raba ta biyu da zarto. Har Umma ta rasu, in an yi maganar sakwara sai ta harare ni.

Kwana uku muna zuwa Mahjar. Tsohon ya daka shunin ya yi laushi, ya cuɗa shi da ɗan kitsen akuya. Ya ce tunda ni na yi ɓarna ni zan riƙe. Sai in ninka mayafin a kan katako, shi ya barbaɗa shuni, ya fesa ruwa da baki, ya ɗaga guntayen taɓarya biyu. Ranar farko hannunsa lallaɓawa yake, yana bugawa kamar mai tsoron tada barci. Rana ta biyu hannun ya tuna. Tim, tam, tim, tam, har yana gyaɗa kai. Maƙwabta suka fito kallo. Wani Bayamane mai shayi ya leƙo ya tambaya ko gahawa ake dakawa. Tsofaffin Hausawan unguwar kuwa suka jawo benci suka zauna, kowa yana ba da labarin rigar ubansa, har aka kusa faɗa a kan ko aska takwas ta fi aska biyu daraja.

Rana ta uku na ji wani ɗan ƙara, kyat. Gefe ɗaya ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Tsohon ya ajiye itacen ya ce, "Nan za mu tsaya. Ya ce ya gaji." Baba ya zauna nan take ya ɗinke wurin da baƙin zare, ɗinkin da sai an nuna miki za ki gani. Aka ɗaga mayafin a bakin ƙofa, rana ta doke shi. Wuyan tantabara ya dawo. Bai kai na da ba, ni ma na sani, amma ya dawo. Baba ya sa hannu a aljihu, tsohon ya ce in ya fito da wani abu sun ɓata. Guntayen taɓaryar kawai ya roƙa a bar masa.

Na sami Kaka a kan tabarmarta. Kwana biyar ke nan ba ta ce mini Uwar Iyayi ba, gaisuwa kawai take amsawa. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabanta. Ta kwance. Ta daɗe tana kallo. Ta sunsuna. Ta lalubo wurin da Baba ya ɗinke, don ba a ɓoye wa Kaka komai, ta yi tsaki. Sannan ta goga shi a tafin hannu, ta buɗe. Shuɗi.

Ta rufe hannun ta ɗora a cinya, ta kau da kai wajen taga.

"Bugun Sudan ne," ta ce. "Ba na Kura ba."

"Za ki je, Kaka?"

"Wa ya ce miki ba zan je ba? Tashi ki ba ni wuri, Uwar Iyayi, kin tsare mini iska."

Ranar biki bayan la'asar aka shirya ni. Mai lalle ta yi iya ƙoƙarinta, amma ja a kan shuɗi wani irin launi ya bayar da ba shi da suna, sai safar hannu aka sa mini. Na shiga farar rigata, aka tara mini gashi, ƙawaye suna ta guɗa. Umma ta tanadi wani farin zanen gado ta rataya a kafaɗa, wai in Kaka ta zo runguma sai ta yi maza ta shimfiɗa a tsakaninmu.

Sai ga Kaka ta fito daga ɗaki cikin turkudi. Matan da suka zo cikin fustan na yayi duk suka bi ta da kallo, wata tsohuwa Balarabiya ta ce masha Allah har sau uku. Wuyan Kaka da goshinta sun riga sun yi shuɗi, tana tafe tana ɗaga kai kamar ita ce amaryar. Ta nufo ni. Umma ta warware zanen gado.

Saura taku ɗaya tsakaninmu Kaka ta tsaya. Ta dubi rigata daga sama har ƙasa. Sai ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su, ta ja gefen mayafin ta matse a jikinta.

"Ta yi kyau," ta ce. "Allah ya ba da zaman lafiya. Daga nan ma ya isa, kada in ɓata miki."

Ban san sanda na ture hannun Umma ba. Na taka na rungume ta da ƙarfi, na cusa fuskata a wuyanta. Na ji warin shuni da kitsen akuya. Ta ɗan yi turjiya, sannan hannuwan suka kwance daga baya suka zagaye ni. Umma tana ta salati, ƙawayena suna ihu. Da muka rabu, gaban rigar tun daga kafaɗa har ƙugu ya yi shuɗi, ga kuma shatin yatsu biyar a bayana, ɓaro-ɓaro. Haka aka kai ni. Angon ya ɗauka sabon yayi ne daga Masar, ni kuma ban gyara masa ba sai da muka haifi ɗa na biyu.

Rigar tana nan a akwatin ƙarfen Kaka, ita da turkudin, ƙunshi ɗaya. Kwanan baya jikata tana taya ni gyaran ɗaki ta ci karo da ita. Yarinya ce mai kirki, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, kuma iyayi ne da ita kamar me, ban san inda ta gado shi ba. Ta ɗaga rigar ta ce, "Sitti, haram, dubi yadda ta ɓaci. Bari in kai miki wajen masu wanki, yanzu suna da maganin da yake fitar da komai."

Na fizge abata har sai da ta tsorata.

"Sittin gidanku," na ce. "Zauna nan. Kawo hannunki."

Na juya rigar, na ɗora tafin hannunta a kan shatin yatsun nan biyar. Ya zauna daidai.